Yadda Na Yi Suna a Shan Giya Ban Taɓa Kurɓa Ba

Watana goma sha ɗaya a Samaru tsani ya yi mini butulci. Sunana Lawali, mutumin Tasawa ne ni, ta ƙasar Nijar. Babban farin nan da ya cinye mana shanu shi ya koro ni, na baro matata Rabi da jaririya a ɗakin mahaifiyata, na faɗo Zariya neman abin kaiwa baka. Allah ya haɗa ni da wani ɗan kwangila mai fentin gidajen malaman jami'a. Da farko riƙon tsani nake yi, da aka ga ba na tsoron sama sai aka ba ni buroshi.

Ran nan ina can ƙoli ina shafa farin fenti a bakin rufi, karen wani Bature ya koro akuya. Duk faɗin filin nan akuyar ba ta ga hanya ba sai ƙarƙashin tsanina. Na sauko, bokitin fenti ya biyo ni. Na tashi na karkaɗe jiki, abokan aiki suna ta dariya wai ga sabon Bature, har na ci tuwon rana. Bayan kwana huɗu kai ya fara sara, magana ta fara harɗewa, daga nan ban sake sanin inda nake ba. An ce mini a bayan motar yashi aka kai ni asibiti. Likita ya huda ƙoƙon kaina wuri biyu, ya zuƙe jinin da ya taru ya danne ƙwaƙwalwa.

Na farfaɗo na tarar duniya ta canja hali. In na zauna gado ya karkata, in na miƙe ƙasa ta riƙa rangaji kamar ina bisa raƙumi mai yunwa. Harshena ya yi nauyi. Ina cikin wannan hali wani ma'aikaci ya zo ya duba takardar da ke rataye a gadona, ya ce, "Gobe da safe za a kai ka gashi."

Na ce, "Gashi kuma? Na me?"

Mutumin gadon kusa da ni, wani mahauci da ya karye a cinya, ya ce, "Ai nan kowa sai an gasa shi kafin a sallame shi. Ni sau shida ke nan." Ya juya ya ci gaba da shan rakensa.

Na yafe wa duk wanda ya taɓa cutata, na roƙi Allah ya raya mini 'yata. Da safe aka turo ni a keke zuwa wani dogon ɗaki, ina ta raba ido ina neman murhu. Ba wuta ba gawayi, sai wasu ƙarafa biyu a jere kamar dangwalin shanu, da babban madubi, da wata gajeriyar mata cikin fararen kaya. Ita ce Sista Rifkatu, Bahaushiya Kirista 'yar Wusasa, mai koya wa majinyata tafiya. Ashe aikin nasu ne ake kira gashi. Na gaya mata abin da na zata, ta yi dariya har ta dafa bango.

Kafin tafiya sai da ta gwada hankalina. Ta ɗaga ashana ta ce, "Malam Lawali, mene ne wannan?"

Na ce, "Alimeti."

Ta dube ni, ta yi rubutu. Ta nuna agogon hannunta, na ce muntur. Ta nuna hoton keke, na ce belo. Ta nuna hoton yara da allo a aji, na ce lakwal. Duk amsar da na bayar sai fuskarta ta ƙara yin tausayi, biro yana ta gudu. Ta tambaye ni wane ne shugaban ƙasa, na faɗi namu na Nijar, na ji ta ce, "Wayyo, bawan Allah." Kwana uku muna haka, har an rubuta cewa na manta sunayen abubuwa ina ƙirƙiro nawa. Sai wani tsohon maigadi, Ba'adare daga can Nijar, da ya leƙo ta taga ya ce, "Sista, ai yaron nan daidai yake faɗi. Haka muke cewa a can. Ku Ingilishi ya ɓata muku baki, mu Faransi." Sista ta yage shafi uku, ta ce in na sake yi mata Faransanci sai ta gasa ni da gaske.

Amma ba duka ne laifin Faransi ba. In ta faɗa mini abu uku ta ce in riƙe, kafin ta je ƙofa ta dawo biyu sun tsere. Nakan sa takalmi sannan in tsaya ina kokawa da wando. Wata rana ta tambaye ni sunan 'yata. Na buɗe baki, babu. Ina ganin fuskar yarinyar, ina ganin ɗan kunnen da kakarta ta huda mata, amma sunan ya ɓace kamar an share allo. A nan na yi kuka irin na yara. Sista ba ta ce mini in yi haƙuri ba. Ta jawo faranti cike da wake da masara a gauraye ta ce, "Ware mini su. Abin da ya ɓata a daji ba a kiransa da kuka, a hankali yake dawowa gida."

Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki aka sallame ni, da sharaɗin in riƙa zuwa gashi sau uku a mako. Na hau bas zuwa Samaru, na lallaɓa da sanda zuwa Bomo, inda muke haya ni da wani abokin aiki mai suna Habu. Kaina a aske, da farin bandeji, na rame kamar kara, ina tafe ina tangaɗi. Matan da ke bakin rijiya suka hango ni, wata ta saki guga ta ƙwalla ƙara, kowa ya kama gabansa. Mai gidan da muke haya ya leƙo daga zaure yana karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi.

Ashe Habu ya dawo tun makon farko ya ce na rasu. Ya zauna a tabarma ya karɓi gaisuwa, an yi mini sadakar uku da waina, ya sayar da katifata da rediyona ya ce zai kai wa iyalina, daga nan ba a sake ganinsa ba. Ɗakin kuma an ba wani ɗalibi. Uwar mai gidan ce kaɗai ta yi ƙarfin hali, tsohuwa tukuf, ta matso ta mintsine ni a hannu. Da na ce wash, ta ce, "Fatalwa ba ta jin zafi. Ku kawo masa fura." Ta zauna ta kalle ni har na shanye, ta ce wainar sadakata ita ta soya, kuma ta yi daɗi, kada in ji komai.

Ba ni da kowa a ƙasar nan. Ɗan kwangilarmu ya tashi zuwa wani gari da aikinsa. Ina zaune a bakin titi sai na tuna da wata mata a Sabon Gari da na taɓa yi wa fentin ƙofar shago ranar hutu. Sunanta Madam Kamfot, Inyamura ce amma haihuwar Zariya, Hausarta ta fi tawa gishiri. Farfesu take sayarwa, da giya. Na san da giyar, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Nijar, wa ya yi maka wannan aski?" Da ta ji labari ba ta ƙara tambaya ba, ta sa aka share mini lungun ɗakin ajiya, tsakanin akwakun kwalabe, ta ba ni tabarma da bargo. Ta ce ita ma lokacin yaƙin basasa wasu ne suka ɓoye ta, ba ta san sunansu ba har yau.

Madam ta bi ni asibiti sau ɗaya, ta ji bayanin Sista, ta dawo ta fi Sista zafi. Ta jera marafan kwalba a tsakar gida, layi guda daga bakin kicin zuwa bakin famfo, ta ce safe da yamma sai na bi shi sau goma kafin in ga abinci. Kullum kuma sai ta aike ni kasuwa da saƙo uku, ba rubutu. Ranar farko ta ce tattasai, albasa, kayan ciki. Na dawo da tsintsiya da kwakwa. Ta karɓi tsintsiyar ta ce da ma tana bukata, ta nuna mini da ita hanyar komawa. Na koyi rera saƙon kamar waƙa ina tafe, mutane suna kaucewa. A kasuwar nan ne wata rana na ji wata mata ta daka wa 'yarta tsawa, "Ke Zeinabu, sauke wannan!" Na tsaya cak tsakiyar 'yan tumatir. Zeinabu. Sunan mahaifiyar Rabi aka sa mata. Na bi matar ina yi mata godiya, ta ja 'yarta ta ƙara sauri. Ranar ban kawo ko ɗaya daga cikin saƙon ba, Madam kuma ba ta yi faɗa ba.

Babban malamina a fannin tafiya kuwa Baba Sande ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya yi ritaya, wanda tun hantsi yake kama kujerarsa a shagon. Ya yi mako guda yana kallon yadda nake faɗuwa a layin marafai, sannan ya ajiye kofi ya ce, "Yaro, kana ɓata mini rai. Shekara talatin ina komawa gida a buge, matata ba ta taɓa kama ni daga nesa ba. Zo in koya maka."

Ya ce kuskurena kallon ƙafa. "Ƙasa maƙaryaciya ce, kada ka dube ta. Nemi abu guda can nesa wanda ba ya motsi, falwaya ko ƙofa, ka kafe shi da ido, ka je masa kamar ya zagi ubanka. Buɗe ƙafa kaɗan. In za ka juya, kada ka juya gaba ɗaya kamar soja, juya kamar jirgi, a hankali." Na gwada, na kai famfo ban faɗi ba. Da na gaya wa Sista washegari, ta jawo wani ƙaton littafi ta buɗe ta nuna mini hoto. Abin da Baba Sande ya faɗa, shi ne a ciki. Ta ce, "Ni shekara uku na yi ina karanta wannan. A ina malamin naka ya yi karatu?" Na ce a gidan Madam.

To, ga mutum yana kwana cikin akwakun giya, rigarsa ta sha wari, yana tafe yana layi, yana waƙar albasa shi kaɗai, harshe a harɗe. Yaran unguwa ba su ɓata lokaci ba suka sa mini Nijar Sha-ka-faɗi. Mashaya kuwa in mun haɗu a hanya sai su ɗaga mini hannu da girmamawa, wai ni tun asuba nake farawa.

Sista ta ce in riƙa salla a zaune tukuna. Kunya ta hana ni, ƙato da ni. Wata la'asar na shiga masallacin bakin kasuwa na tsaya a sahu na biyu. Liman ya yi ruku'u, na sunkuya, kaina ya ƙi tsayawa inda na ce. Na tunkuyi mutumin gabana a ɗuwawu, shi kuma ya tafi da na kusa da shi. Da aka sallame ya juyo a fusace, sai ga Alhaji Nomau, falken goro, wanda rumfarsa take kallon gidan surukina a Tasawa.

Ya ce, "Lawali? Kai ne?" Ya matso, hancinsa ya motsa. "A ina kake kwana?"

Da ina da cikakken hankali da na fara da labarin tsani. Sai na ce, "Gidan Madam Kamfot." Na ɗaga hannu in cire hula in nuna masa tabon, na yi baya na zauna a kan butar wani. Alhaji ya ce, "Inna lillahi," ya ɗauki takalmansa.

Bayan mako shida, da hantsi, ina tsakiyar darasi. Na ci gaba sosai, har Madam ta ƙara mini da tire a ka, da kwalabe huɗu babu komai ciki. Ina bin layi, Baba Sande yana kaɗa kofi da cokali yana mini kirari, sai na ji sallama da muryar da na sani tun ina cikin zane. Baffa Idi ne, ƙanin mahaifina, da rawaninsa da jakar fata, ya sha ƙurar hanyar kwana biyu. Na juya irin ta soja. Kwalabe huɗu suka tarwatse a gabansa.

Bai zauna ba. Ya ce, "Ashe gaskiya Alhaji Nomau ya faɗa. Surukinka ya ce 'yarsa ba za ta zauna da mashayi ba, ya ba ni wata guda in kawo masa takardarta. Uwarka ta daina fita ko gaisuwar mutuwa. Wannan ne neman da ka zo?"

Na durƙusa na cire hula, na nuna masa ramuka biyu a kaina. Ya ce, "Mashayi ma yana faɗuwa ya fasa kai."

Madam ta fito tana goge hannu a zane ta ce, "Baba, sannu da hanya. Ni giya nake sayarwa, ban ɓoye ba. Da ɗanka yana sha, ni ce zan fara murna. Wata uku yana nan, ko ruwa ba ya sha a kofin shagona, da gwangwaninsa yake yawo."

Baba Sande ya taso shi ma, ransa a ɓace. "Malam, wannan ne mashayi? Kada ka zubar mana da mutunci. Ko warin ba ya iya riƙewa."

Baffa ya ce shi dai bai taɓa jin inda aka karɓi shaidar mai sayarwa da mai sha ba. Ya ƙi ruwan gidan, ya kwana a masallaci. Da safe na roƙe shi ya raka ni asibiti, ya yarda, amma ya bar tazarar taku goma tsakaninmu kada a ce tare muke.

Sista Rifkatu ta saurare shi har ya gama, da ladabi, tana cewa na'am Baba. Sannan ta ce, "Baba, don Allah ɗan tsaya nan. Ɗaga ƙafa ɗaya. Yauwa. Rufe ido." Baffa bai kai ƙirga uku ba ya tafi luu, ya rungumi ƙarfen nan, rawani ya warware. Ta ce, "Subhanallahi. Baba, me aka sha da safen nan?"

Ya ce, "Koko!"

Ta ce, "To kai ke nan da kanka lafiya lau." Ta ɗauko hoton ƙoƙon kaina ta ɗaga shi a hasken taga, ta nuna masa ramukan, ta nuna inda jinin ya kwanta. Ta gaya masa an kawo ni ba na motsi, kuma da an ƙara yini guda da sai dai ya zo ziyarar kabari. Ta gaya masa yadda na fara, ban iya tsayuwa ba sai mutum biyu sun riƙe ni. Baffa ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce, "Wannan kan ɗan Yayana ne?" Sai ya ja gefen rawani ya rufe fuska. Da ya natsu ya ce a ba shi hoton ya kai gida, Sista ta ce na asibiti ne. Sai ya zauna a benci, ya fito da tawada da alƙalami daga jaka, tana faɗa yana rubutawa da ajami, ta sa hannu a ƙasa, ya sa ta buga hatimi har sau biyu don surukina mutum ne mai gardama.

Da yamma ya koma gidan Madam da ƙafarsa. Bai shiga ba, daga ƙofa ya tsaya ya yi mata godiya, ya sa mata albarka, ya ƙara da addu'ar Allah ya canja mata sana'a. Ta ce amin, in da mai riba. Ya ci farfesunta a tsaye bayan ya tambayi wanda ya yanka akuyar.

Tsani kam ban sake hawa ba, likita ya hana. Fentin ƙofofi da rubutun jikin manyan motoci na koma, ƙafata a ƙasa, da shi na kama ɗaki a Dogarawa, Rabi da Zeinabu suka iso bayan damina. Amma duk wannan daga baya ne. A lokacin Baffa so ya yi mu tafi tare. Na ce masa saura wata biyu in gama gashi, kuma ba na son mahaifiyata ta gan ni ina dafa bango. Ya ce to in raka shi tasha ya gani.

Na ɗauki jakarsa, na bar sandata a gida. Daga gidan Madam zuwa tasha akwai kwata uku da za a tsallaka, da masu tura kura, da awaki. Na kafe ido a kan wata doguwar bishiyar dalbejiya da ke ƙofar tasha na nufe ta. Baffa yana bayana, ina jin ƙarar carbinsa. Muka isa, gumi ya jiƙa mini riga, na ɗora jakar a motar Katsina.

Ya ce, "Sau uku ka kauce hagu. Na lura."

Na ce, "Haka ne, Baffa. Me za ka ce wa Inna?"

Ya hau ya zauna, ya gyara rawani, ya leƙo ta taga. "Zan ce mata na ga tafiyarka, irin ta ubanka ce sak. Shi ma Allah ya jiƙansa bai taɓa miƙe hanya ba, kuma da wannan tafiyar ya je neman aurenta."